Waigin da Na Ƙi Sawa

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa: ba birki ne ya ci amanata ba, ni ne na ƙi sa waigi. Waigi shi ne guntun katakon nan da ake cusa wa tayar babbar mota idan an tsaya, don kada ta gangara. Shekara huɗu ina yaron mota ina cusa shi, har cikin barci idan na ji an ce "waigi!" sai in zabura in rarumi matashin kai. To ranar da aka danƙa mini mukullin tifa, ina ɗan shekara sha tara, na rantse a raina na gama durƙusawa a gindin taya har abada.

Lokacin Dutse ba ta daɗe da zama babban birnin jiha ba, ko'ina gini ake, direban tifa kuwa sarki ne. Sati uku na yi ina sarauta. Ran nan na kai yashi Yalwawa, wani fili mai ɗan gangare, yaron motata bai zo aiki ba. Ga 'yan mata masu tallan gyaɗa suna kallo, ga sabon tabarau a fuskata. Na ja birkin hannu, wanda ni da shi mun san ya tsufa, na diro ina kaɗa mukulli, na tafi shan fura.

Ina ludayi na uku na ga motata ta wuce ni da baya. A hankali take tafiya, kamar tsohuwa za ta barka. Na bi ta ina "tsaya, tsaya!" sai ka ce kunne gare ta. Ta je ta jingina da sabuwar katangar bulo ta wani ma'aikaci, katangar ta yi ruku'u, ta yi sujada. Ba wanda ya ji ciwo, sai wata akuya da har yau nake zaton ba ta sake cin abinci a unguwar ba.

Mai tifar bai zage ni ba. Hannu kawai ya miƙo, na sa masa mukulli.

Wata biyu ina neman aiki, labarina yana riga ni isa. Da na shiga tasha sai a fara: "Direba, sannu da zuwa! Kai ka fara isowa ko motar?" A sana'armu kuma ba a ba mutum mota don ya nuna lasisi. Sai wanda ya koya maka tuƙi ya riƙo hannunka ya kai ka, ya ce na tsaya masa. Maigidana, dattijon da na yi wa yaron mota, ya daina amsa gaisuwata da fiye da "lafiya". Mahaifina kuma ya fara wasa mini fartanya, yana cewa damina ta kusa. Ni da na ɗanɗana sitiyari!

Sau uku ina zuwa gaida maigida. A na huɗu ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Gobe da safe ka sa kayan kirki."

Kiyawa ya kai ni, wurin wani Alhaji mai babbar mota bodin katako, da ke kwasar gero da riɗi daga ƙauyukan Miga zuwa Kano. A hanya na shirya ƙarya mai kyau, cewa mai tifar ne ya sayar da motarsa. Muna zama a kan tabarma maigida ya ce, "Alhaji, wannan shi ne yaron da ya rushe katangar Yalwawa."

Alhaji ya tafa hannu. "Ashe kai ne! Na zaci ƙato zan gani. Wannan ɗan firit ɗin?"

"Ranka ya daɗe, ƙaddara ce," na ce.

"Ƙaddara ce ta sa maka tabarau?" in ji maigida.

Alhaji ya jefo mini mukulli, ya ce in zagaya bayan kasuwa in dawo. Na tuƙa motar nan kamar na ɗauko ƙwai, har wani mai jaki ya wuce ni yana yi mini sannu. Na dawo na tsaya a ƙofar gida, wuri shimfiɗe kamar faifai. Na kashe, na sa giya, na ja birkin hannu, na sauko cikin farin kaftanina na Juma'a. Alhaji na kallon fuskata. Maigida kuwa tayar baya yake kallo.

Na leƙa inda ake ajiye waigi. Babu. Na leƙa ƙarƙashin kujera, babu. Daga baya na ji su suka cire shi tun da safe. Na waiga hagu da dama, yashi ne zalla, sai wani dutse mai sulɓi a bakin zaure. Na rungume shi, na yi nishi, na ja shi har gindin taya, na durƙusa na cusa.

"Kai! Kai! Dutsen alwalata!" Alhaji ya miƙe tsaye. "Shekara ashirin a kansa nake zama!"

"Ranka ya daɗe, kada ta gangara."

"Ta gangara ina? Nan ko ruwa ka zubar sai ya tsaya ya yi shawara!"

Maigida ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa don dariya. Da ya ɗago ya ce, "Alhaji, na tsaya masa. Ya riga ya rushe tasa katangar. Wanda za ka ɗauko daga waje, tasa tana gaba."

Alhaji ya dubi gwiwoyin kaftanina da suka koma ja, ya ce in mayar masa da dutsensa inda na ɗauko.

Bai ba ni motar ba ran nan. Sifiya ya ɗauke ni, wato direba na biyu, ina karɓar tuƙi idan babban direba ya gaji. Sai bayan an cire amfanin gona na shekarar da ta biyo baya mukullin ya zama nawa, kuma ko da yaron mota na nan, ni nake sauka in sa waigi.