Tirelar da Yaya Bai Shiga Ƙarƙashinta Ba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Yaya Ɗanjuma makwancinsa a Rurum, kuma har yau in na ji tantan ta taho da tirela tana kwaramniya a bayanta, sai na ajiye abin da nake yi har ta wuce. Don amfanin 'yan birni, tantan ita ce motar noma. Yaya wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, a bayansa na girma. A gidanmu ba a son a ta da zancen yadda ya rasu, ni ma na daɗe ina haɗiye shi. Abin da ya faru a ƙofar gidansa makon jiya ne ya sa na ce a'a, bana kam sai na faɗa, wanda zai ji haushi ya ji.

Yaya manomi ne, ba maƙeri ba, ba kuma mai walda ba. Allah ne kawai ya ɗora masa ƙin kayan banza. Tun zamanin amalanken shanu, duk wanda zai sayi amalanke daga Zinyau har Kibiya sai ya biyo ta gidanmu ya ɗauke shi. Yana da wata 'yar guduma mai ƙotar marke da ba ta barin aljihunsa. In an je wajen masu ƙira, ba ya ko kallon wadda aka riga aka shafa wa fenti. "Ku nuna mini tsirararta," haka yake cewa, "wadda ta ci kwalliya ban san abin da take ɓoyewa ba." Sai ya tuɓe riga ya rataye, ya kwanta rigingine a ƙasa, ya ja jiki ya shige ƙarƙashi. Mai kaya ya yi ta zuba surutu, Yaya na can ciki yana ƙwanƙwasa ƙarfe. In ya fito ya karkaɗe jiki ya ce "to", a saya. In ya ce "mu ɗan zaga", magana ta ƙare, ko da kyauta za a ba ku.

Da tantan ta yawaita sai aka koma ɗaukarsa zaɓen tirela. Yana girmama tsofaffin nan na kamfani da aka shigo da su tun muna samari. Nauyi kamar me, tsatsa ta ci bayansu amma ba ta kai ciki ba. Aibinsu kawai, in taya ta fashe ko boris ya lalace sai ka zaga Kano kaf kana neman irinsa. Ya fi son waɗanda masu waldar Kano ke ginawa a kan ƙashin tsohuwar babbar mota, in dai mai waldar na tsoron Allah, don tayarsu ko wajen mai facin Rano za ka samu. Waɗanda ba ya ko son a tsaya a gabansu su ne sababbin yayi na siririn bututu, masu sheƙi, da aka manna wa sunan ƙasar da ba su taɓa zuwa ba. Amaren kasuwa yake ce musu.

In ya shige ƙarƙashi, walda yake fara bi da yatsa. Yana so ta tafi a jere ba yankewa, kamar kitson kirki, ba a ɗiɗɗiga ta nan da can kamar kashin awaki ba. Sannan ya koma kan wuya, wato dogon ƙarfen da ake maƙala tirela da shi a bayan tantan. Yakan ce wuyan kirki shigewa yake ƙarƙashin bodi har ya kai ƙarfen da ke ɗauke da tayoyi. Wanda aka liƙa a gaban bodi kawai, ranar da kaya suka yi nauyi a gangare zai rabu da kai. Daga tsaye ba a gane bambancin, sai an kwanta.

To, wannan mutumin ne fa tirela ta kashe.

Shekarar da ya sayar da shanunsa ya sayi tsohuwar tantan, yana shirin tafiya Kano zaɓen tirela, sai ga surukinsa Tasi'u. Tasi'u shi ne mijin Rabi, 'yar Yaya ta fari, wadda saboda kunya ko sunanta bai taɓa kamawa ba, sai dai "yarinyar nan". Lokacin Tasi'u bai daɗe da fara dillancin kayan noma a Rano ba. Ba a aike shi ba, ba a tambaye shi ba. Ran nan da hantsi kawai aka ga tirela sabuwa fil a ƙofar gida, koriya shar, an rubuta MALAM ƊANJUMA RURUM a gefenta da farin fenti. Ya durƙusa a gaban dattawan unguwa ya ce, "Baba, na ga bai kamata ina cikin harkar nan ka je wajen bare ba. Yadda na ɗauko ta haka za ka ba ni."

Aka yi ta sa albarka, kowa na cewa Malam Ɗanjuma ya yi dacen suruki. Gudumar na aljihunsa, bai fito da ita ba.

Ni ina Kano a lokacin, wajen sana'ata ta hatsi. Da na zo gida na gan ta, tambaya ɗaya na yi masa: ya shiga ƙarƙashinta? Ya dube ni kamar na zage shi.

"Haba Sani! Kayan mijin yarinyar nan? In kwanta a gaban mutane ina ƙwanƙwasawa, me na ce masa ke nan? Na ce masa macuci?"

Na ce to a ja ta bayan gida ya duba, ba mai gani. Ya ce in ya duba ya ga abin da ba ya so fa, yaya zai yi da ita, ga sunansa a jikinta? Ya mayar? Rabi ta zauna da wane ido a gidan mijinta? Muka yi ta ja har ya daka mini tsawa, abin da bai saba ba. A nan na gane ba rashin sani ba ne. Idonsa ya riga ya gaya masa wace iri ce, hannunsa ne kawai ba ya so ya tabbatar masa.

Ta yi damina guda tana kai taki gona lafiya lau. Da kaka ta yi, ranar kasuwar Kibiya, aka loda mata dawa, Yaya ya hau can sama ya naɗe ƙafa a kan buhuna kamar yadda masu kaya ke yi. A gangaren rafi wuyan ya ɓalle. Direban tantan ɗin ya ce ƙara ɗaya ya ji, yana waiwayowa ya ga gaban tirelar ya caki ƙasa ta kife. Da ƙyar aka janye buhunan daga kansa. Ko Rano ba a kai ba rai ya yi halinsa.

Bayan sadakar uku na tafi rafin ni kaɗai. Guntun wuyan na nan yashe a cikin ciyawa. Siririn bututu ne, an ɗiga masa walda a 'yan wurare, aka cike sauran da ƙwaɓin nan da masu gyara ke toshe inda mota ta lotsa, aka bi da fenti. Da farcena na ɓamɓare shi. Wallahi da Yaya ya kwanta ƙarƙashinta, ko gudumar ba sai ya ɗaga ba.

A wajen zaman makoki kowa ya zo sai ya ce kwana ne ya ƙare. Na yarda, ni Musulmi ne, na san ba mai wuce ranarsa. Amma ban ji mutum ɗaya ya ambaci tirela ba. An yi maganar gangaren, an yi maganar direban, har wani ya ce lodi ne ya yi yawa. Tasi'u na zaune a cikinmu yana karɓar gaisuwa, idanunsa jajur. Na buɗe baki zan yi magana, kawunmu ya dafa gwiwata ya ce, "Sani, ka tuna da Rabi." Kunyar da ta hana Yaya kwanciya a ƙasa, ita ce kuma ta rufe mana baki bayan an binne shi.

Zan yi wa Tasi'u adalci, ko da yake ba daɗin yin hakan nake ji ba. Ban taɓa cewa ya san abin da ke ƙarƙashin fentin a wancan lokaci ba. Kuma bayan rasuwar shi ya riƙe gidan. Shi ya riƙa ɗinka musu kayan sallah, shi ya yi wa ƙannen Rabi kayan ɗaki, shi ya gyara tantan ɗin ya damƙa wa Nasiru, babban ɗan Yaya namiji, da ya kawo ƙarfi. Yau Alhaji Tasi'u ne, shagonsa na bakin titi, tireloli a jere a gabansa, kore da ja da shuɗi. Duk sanda na wuce sai na ce a raina, da Yaya zai tashi ya ga wannan layi, da "mu ɗan zaga" zai ce. Kuma da ya sha mamakin yadda abin ya lalace. Yanzu a waya ake turo wa mutum hoton tirela ya zaɓi kala. Masu ginin kirki sun tsufa, 'ya'yansu kuwa sun gano fenti ya fi ƙarfe arha. Mai saye buhu nawa take ɗauka yake tambaya, ba ruwansa da ko za ta ga baɗi.

Nasiru ya daɗe yana hayar tirelar mutane, bana ya ce zai sayi tasa. Ni kuma na bar Kano na dawo gida, sai na ce masa ya bari mu je zaɓe tare, ya ce to. Makon jiya mai ɗakina ta shigo take ce mini wai an kawo wa Nasiru tirela. Ina zuwa na tarar da jama'a a ƙofar gidan Yaya, a daidai wurin da waccan ta tsaya. Koriya shar. An rubuta NASIRU ƊANJUMA RURUM da farin fenti. Alhaji Tasi'u na tsaye cikin farar shadda, dattawa na ta sa albarka.

Na ja Nasiru gefe na tambaye shi ko ya duba ƙarƙashinta. Ya sunkuyar da kai. "Baffa, mutumin da ya riƙe mu? Da wane ido?" Muryar ubansa sak. Magidanci ne fa yanzu, da mata da 'ya'ya, kuma in an yi lodi shi ne zai hau saman buhunan.

Na shiga cikin gida wajen mahaifiyarsa na ce ta ba ni gudumar Yaya. Ba ta tambaye ni me zan yi da ita ba, ta ciro ta daga ƙasan akwati ta miƙo mini. Na fito, na tuɓe babbar riga na rataye a jikin tirelar. Liman ya ce, "Malam Sani, lafiya?" Wani ya ce, "A'a, wannan ba girmanka ba ne." Ni ma fa surukin Alhaji Tasi'u ne, Baba yake ce mini, kunyar da ta hau kan Yaya ta hau kaina. Na ce yau dai ba ni da ita. Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa masu ciwo, na kwanta, na ja jiki na shige.

Ƙasanta ba fenti, ko ɗis. Ƙashin babbar mota ne mai kauri. Wuyan ya shige har ƙarfen tayoyi, an ɗaure shi da noti, an kuma bi da walda a jere ba yankewa. Na ƙwanƙwasa nan, na ƙwanƙwasa can, ko'ina amon ƙarfen gaske. Irin wadda Yaya zai fito ya ce "to" ce. Na daɗe a kwance a wurin, ba don ina duba wani abu ba. Hawaye ne ke gangaro mini cikin kunne, ba na son in fito da su gaban mutane.

Da na fito, Alhaji Tasi'u ya matso ya rage murya. "Baba, ni na ce kada su shafa wa ƙasan fenti. A gabana aka gina ta."

Ashe ya sani! Duk shekarun nan da muke fakewa da kwana ne ya ƙare, ya san inda ta karye, ya san dalili, ya kuma san yadda ake gina wadda ba za ta karye ba. Na ce masa, "Allah ya yi albarka, wannan ta yi. Waɗanda ke jere a shagonka fa, su ma haka ƙasansu yake?"

Ya kawar da kai. Can ya ce, "Baba, su ai kasuwa ce. Irin wannan ba kowa ke iya sayenta ba."

Ban ba shi amsa ba, don wadda ta zo bakina ba ta faɗuwa a gaban liman.

Tun ranar ake zancena a gari, wai na tsufa ban san kara ba, na kunyata suruki a bainar jama'a. Rabi ba ta aiko a gaishe ni ranar Juma'a ba kamar yadda ta saba. Ba komai. Nasiru ya zo ya ce in bar masa gudumar. Na ba shi, na ce amma ba ta ajiya a akwati ba ce, kuma ranar da zai fito da ita kada ya dubi fuskar mai kaya, ko da ni ne.

Me ya rage na Yaya? Amalanken da ya zaɓar wa mutane tun kafin a haifi Nasiru, wasu na nan a Zinyau suna kai taki. An canza katako, an canza shanu, ƙarfen bai gaji ba. Sai gudumar. Sai tirela ɗaya tak ta kirki a ƙofar gidansa, wadda da ransa aka saye ta, kuma ni dai a ganina ta yi tsada. Allah ya jiƙan Yaya, ya haskaka kabarinsa, ya ba shi ladan kunyar nan da ya ji ta kowa har ya manta da kansa.

Jiya ranar kasuwar Kibiya ce. Ina tsaye a bakin hanya sai ga wata tantan ta taho tana jan tirela ja wur, da tambarin shagon Alhaji Tasi'u a bayanta, an loda mata masara har sama. Wani dattijo na zaune a kan buhunan, ya naɗe ƙafa. Ban san shi ba. Ya ɗago mini hannu, ni ma na ɗaga masa, suka nufi gangaren rafi.