Tsohon Da Sikelina Ya Ƙi Aunawa

Jama'a, wallahi tallahi wannan abu a kaina ya faru, ba ji na yi ba. Lokacin aikin dam ɗin Bakolori ne, ina aiki a ɗan filin jirgin wani kamfani tsakanin Talata Mafara da Maradun. Aikina awo. Duk abin da zai shiga jirgin, injiniya ne ko akwati, sai ya hau sikelina na rubuta, domin matuƙin, wani Bature mai baƙar zuciya, ya ce in rana ta take iska ba ta da ƙarfin ɗaga jirgi, in an cika masa kaya zai bar ƙasa amma ba zai yi sama ba. Shi ya sa da bazara yakan rage fasinja, wani lokaci har mai yake ragewa.

Ran nan bayan azahar na gama awo, mutum biyar, kujeru uku na baya ba kowa, sai ga wani tsoho da sanda, ƙafafunsa duk taɓo, alhali wata biyar rabonmu da ruwan sama. Muka gaisa, har gajiya da iyali.

Ya ce, "Ɗana, auna ni."

Na ce, "Baba, ai sai matafiya."

"Gonata da kushewar ubana na ƙarƙashin ruwan dam ɗinga. Har akwatin Nasara kunka auna, mu ko ba a auna mu ba. Auna ni."

Na ce ya hau, don dai mu rabu lafiya. Allura ko motsi! Na sunkuya na bubbuga sikelin, na ɗago kai, babu tsoho babu dalilinsa.

Jirgi ya ɗiba da gudu, sai da ya cinye filin kaf sannan ya ɗaga, ya tafi ƙasa-ƙasa yana gurnani, saura ƙiris ya shafi kan giginya. Innalillahi! Da ƙyar ya kewayo ya sauka. Baturen ya fito yana surfa mini zagi, wai na ɓoye masa nauyin mutum uku. Ni! Aka sake auna komai a gabansa, ya zo daidai da abin da na rubuta. Muka leƙa ciki, kujerun bayan nan sharkaf da ruwa, suna ƙarnin gulbi. Ya gani da idonsa, mugun, ya kau da kai. Da yake dole a sami mai laifi, kafin la'asar an sallame ni, an rubuta wai na yi ha'inci a awo.

Har yau in na tuna tsigar jikina tashi take, amma takaicin ya fi tsoron yawa, don a Mafara akwai masu kirana mai sikelin ƙarya har gaban 'ya'yana. Ku masu hawa jirgi, in ya tashi kuka ji yana nishi ya ƙi yin sama, ku kama addu'a, ku bar zagin mai awo. Waɗanda ya gani kawai ya auna.