Amsar da Baba ya ba baƙuwa

Shekarar da nake faɗi ina koyarwa a Illela. Wata malamar jami'a ta zo neman mai yi mata tafinta, aka haɗa ta da ni. Ta ce na'urarsu ta iya lissafin ruwa da zafi na shekaru masu zuwa, amma na'urar ba ta san abin da manomi zai yi ba idan ya ji hasashen. Shi suke so su cusa mata. Na ce a raina, tabɗi, ni da aka haifa cikinsu ban gama saninsu ba.

Gidanmu na Kalmalo muka fara zuwa. Ta tambayi Baba, idan rediyo ta ce damina za ta makara, zai jira ko zai shuka? Ya gyara zama ya ce, "Jira za mu yi mana, Malama." Na san ba haka ba ne. Tun ina yaro binne yake yi, wato zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwan fari. Amma wa zai ƙaryata ubansa gaban baƙuwa? Na rubuta yadda ya faɗa. Duk gidan da muka shiga amsar ke nan.

Ranar da rediyo ta ce kada a yi gaggawar shuka, sai Baba ya faɗo mini a rai. Irin geron da ya rage mana ƙwarya ɗaya ce tal. Na bar aji, na hau babur. A gona na same shi, sungumi a kafaɗa, ƙwaryar a kife.

"Haba Baba! Ba ka ce za ka jira ba?"

"To mi za ni ce mata? Ta taho daga nesa, in ba ta kunya?"

Yayyafi ya sauka, geron ya tsiro, sama kuma ta ɗauke. Kullum da asuba ina duban gabas har wuyana ya ƙage, abinci ma ya daina shiga. Baba kuwa sai jan carbi.

Ina tsaye cikin gonar, tsiron ya kwanta ya yi fari, wayar malamar ta shigo. Murna take yi. Ta ce sun saka amsoshinmu, lissafi ya nuna mutanenmu masu jira ne, sanarwar rediyo kaɗai ta ishe su. Ta tambaye ni ko haka na gani.

Na dubi Baba, ya tsuguna yana tona ƙasa da yatsa.

Na ce, "Haka ne, Malama."