Gadin Makunni

Me ya sa mijina Malam, wanda bai yarda da kowa a kan wutar lantarki ba, ya yarda da ni, da ko rubutun jikin makunni ban iya karantawa ba? Har ya koma ga Allah ban tambaye shi ba. Jikata ke rubuta wannan, in ta ga na yi shiru ta san hawaye ne.

A wani masaukin 'yan kasuwa a birnin Guangzhou na ƙasar China muke aiki, ni girki, mijina gyaran wuta. A gindin bangon kowane ɗaki akwai doguwar hita ta ɗumama ɗaki, wadda wani ɗan haya ya bari. Garin da gumi ke bin mutum har banɗaki, wa zai kunna ta? Ni kaɗai na san amfaninta, ina busar da kuɓewa a kai. Sai mai gidan ya ce a cire duka.

Ban manta ranar ba, lokacin babban baje kolin da ake yi a unguwar Pazhou ne, gida cike da baƙi. Malam ya kashe babban makunni, ya taɓa kowace waya da testa mai gwada wuta, ya ce sai ya naɗe bakinta ya rufe ta cikin akwati kafin a maido wuta.

"Hajiya, wayar da aka kashe ba ta kisa. Mai kisa shi ne ɗan'uwanka da wayarsa ba caji. Tsaya nan bakin makunnin."

Na tsaya da muciyata. Can sai ga wani Alhaji ɗan Maraɗi, ya dawo daga kasuwar jakunkuna ta Shiling, gumi sharkaf, hannunsa ya nufi makunni.

"Inna, wuta ta faɗi ne, bari in ɗaga."

"Alhaji, ɗaga hannunka dai."

"Wayata ba caji, kira ɗaya zan yi, kayana na hanya!"

Na ce, "Meyo," yadda 'yan China ke ce mana in babu. "Mijina na ciki da waya a hannu. In jakunkunanka sun ɓata ka sayi wasu a Shiling. Wace kasuwa ake sayar da tsoho irin nawa?"

Malam ya ɗago murya daga ɗaki: "Alhaji, ka haƙura! Ni da na aure ta ma ban taɓa wuce muciyar nan ba."

Alhaji ya yi dariya, ya zauna yana fifita da hularsa. Tuwo ya kama a tukunya, ina jin ƙauri, ban motsa ba. Da magariba baƙi suka cinye shi da ƙaurinsa.

Ranar na gane aikin wuta na mutum biyu ne, mai riƙe waya da mai tsaron bayansa. Tun daga nan Malam ya laƙaba min Maigadi.

Da ciwo ya kwantar da shi, na kwana biyu ban bar gefensa ba, ina riƙe da hannunsa. Wata safiya ya buɗe ido, ya dube ni, ya yi murmushi.

"Maigadi, je ki duba tuwonki. Na gama aiki."