Motar Pakcik ba shuɗiya ba ce

Shekarun baya, lokacin kullen korona, ina zaune a unguwar Wangsa Maju a ƙasar Malesiya, ina digiri na uku a kan sinadaran fenti. An rufe makaranta, iyalina suna Kano, zaman ɗaki ya ishe ni.

Ina da maƙwabci, dattijo ɗan ƙasar, muna ce masa Pakcik, wato kawu. A wajen ajiye motocin beninmu yake wuni da wata tsohuwar 'yar mota mai taya uku, kamar ƙwai, ƙofarta ɗaya tal kuma ta gaba ake buɗewa. Ta marigayi mahaifinsa ce. Ya gyara inji, saura fenti, ya kuma rantse sai launin da ta fito da shi daga kamfani.

"Shuɗiya ce lah," in ji shi, lah ɗin nan tasu kamar "mana" ce a wurinmu. "A cikinta ake kai ni makaranta."

Ni kuwa na samu wajen nuna boko. Na sa takunkumi, na ɗaga robar ƙofa, na kankare a hankali da reza. Ja ya fita, shuɗi ya fita, can ƙasa sai ga kore irin na ɗanyen mangwaro.

"Pakcik, koriya ce," na ce, har da murmushin wanda ya ci jarrabawa.

Ya juya ya hau bene. Kwana uku bai sauko ba, kunya ta kama ni. Abin da mutum ya riƙe tun yarinta na rushe masa cikin minti goma.

Rana ta huɗu ya sauko, ya kira yayarsa ta bidiyo. Tana kwance ba lafiya a wata jiha, ga shi an hana tafiya. Ya haska mata wurin. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Haka Baba ya shigo da ita. Shuɗin da ka sani Mama ce ta zaɓa, bayan an haife ka."

Ya juyo yana goge ido. "Ɗana, za ka iya haɗa koren?"

Sai a gwaji na uku na dace. Muka fesa wa motar kore, cikin ƙofar ya ce a bar masa shuɗi. Yayarsa ta gani a waya, ta yi dariya har da tari. Kafin a buɗe hanya Allah ya yi mata rasuwa.

Har yau idan na tabbata ni ke da gaskiya, nakan ɗan dakata. Na duba fuskar mutum tukuna, kafin na buɗe baki.