Hamzar Sunan Sa'adatu

Duk abin da zan manta a aikin nan, ban da ranar Litinin ɗin da aka liƙa sunaye a allon wata makarantar koyon aikin jinya da ke hanyar Bukuru. Cikin watan Agusta ne na shekarar 2006. Abin da ya sa na ɗauko muku labarin, ku da kuka shigo sana'ar a bayanmu, jiya na ji ku kuna ta da jijiyar wuya kan wane yaren kwamfuta ya fi wani, har ɗayanku ya yi fushi ya bar shayinsa ya huce. Mu ma mun yi, har mun fi ku iyawa.

Lokacin ina ƙaramin mai rubuta manhaja a wani ɗan kamfani da ke saman bene a tsakiyar Jos. Mu uku ne. Akwai Oga Bala mai kamfanin, wanda ya yi aiki a Legas ya dawo da Turanci a hanci. Akwai Gyang, babban furogirama, wanda ya riga ni shiga da shekara biyu. Sai ni Shu'aibu, ɗan Gangare, wutsiyar ofis. Makarantar nan mai zaman kanta ce, ta ba mu aikin gina shafin intanet da masu neman shiga za su cika fom a kai maimakon bin layi. A wancan zamanin sabon abu ne. Mutum zai je kafen intanet ya sayi awa ɗaya, ya cika fom, a buga masa silif, sannan ya jira ranar da za a liƙa sunayen masu zama jarrabawa.

Sati uku cur muka kashe kan gardamar baka. A yaren PHP da muke rubutu da shi, duk gungun umarni ana buɗe shi da wata baka mai lanƙwasa, a rufe da 'yar'uwarta. Gyang ya ce gurbin baka ƙarshen layi ne. Ni na ce sai an sauko da ita sabon layi, ta zauna ita kaɗai, ido ya gan ta. Kwamfuta kuwa ba ruwanta, duk inda ka ajiye za ta karanta. Amma in na tafi sallar azahar, sai in dawo in tarar ya ɗage mini bakuna sama. In ya sauka cin abinci, ni ma in sauko da nasa ƙasa. Mun yi kwana biyu ba ma gaisawa a kan wannan shirme, mu da muke cin gyaɗa a takarda ɗaya.

Da abin ya ishi Oga Bala, ya kira mitin. A mitin ɗin ne na ta da maganar hamza.

Hamza ita ce ɗan waƙafin nan da ake ratayawa a sama cikin suna irin nawa, ko Rabi'u, ko Mu'azu. Matsalarta ita ce, idan manhaja za ta aika suna zuwa rumbun bayanai, tsakanin irin wannan alama guda biyu take saka shi, ɗaya a farko ɗaya a ƙarshe. To idan sunan kansa yana ɗauke da ita, rumbun zai karanta "Shu", ya ga alama, ya ɗauka suna ya ƙare. Ragowar "aibu" ya zame masa surutun banza, sai ya yi watsi da fom ɗin gaba ɗaya. Maganin layi ɗaya ne, wanda zai sanar da rumbun cewa wannan alamar cikin sunan take.

Na ce, "Oga, sunayen mutanenmu da yawa akwai hamza. Ya kamata mu sa layin kariya."

Ya ce, "Buga sunanka mu gani."

Na buga, ya shiga lafiya lau. Gyang ya kwashe da dariya ya ce, "Ka gani? Sunanka ma ya shiga, babu wahala. Kai dai kana son dogon magana ne."

Abin da ban sani ba a ranar shi ne, kwamfutar ofishinmu tana da wani saiti da ke kare hamza da kansa. Babbar kwamfutar da muka yi haya a ƙasar waje, inda shafin zai zauna, nata saitin a kashe yake. Na dai ce a bar ni in sake gwadawa bayan an ɗora shafin. Oga Bala ya ce babu wanda zai zuba masa sunan ƙarya a rumbun kwastoma.

Akwai magana ta biyu. Oga ya tsara cewa da mutum ya danna maɓallin aikawa, nan take shafi ya taya shi murna ya fito da silif daga abin da ya buga, ba tare da an jira amsar rumbu ba. Duk wani saƙon kuskure kuma a ɓoye shi. Ba zan ce dalilinsa na banza ba ne, don intanet ɗin lokacin tafiyar hawainiya take yi, awar kafe kuwa ba ta jira. Ni na ce a jira rumbu ya ba da lamba tukuna, a buga lambar a silif.

Ya ce, "Abeg, Shu'aibu. Kwastoma ba ya son ganin ero. Ka taɓa gina shafi nawa?"

Maganar hamza da ta silif, duka biyun, ba su ci minti goma ba. Daga nan ya yanke hukuncin baka, ya ce tawa ta fi kyan gani, kowa ya bi ta. Wallahi daɗi ya rufe ni. Na fito ina yi wa Gyang gwalo kamar yaro. Oga ya ba ni baka, na bar masa hamza, kuma a ranar gani nake ni na ci riba.

Yanzu bari in gaya muku ko wace ce Yaya Sa'adatu. 'Yar Malam Iliya tela ce, aminin mahaifina, shagonsa na bakin lungunmu a Gangare. Ta girme ni da shekara uku. Shekara tara tana aiki a wani kemis a Farin Gada, ta san magani kamar yunwar cikinta, amma ba ta da takarda. Sau uku tana sake jarrabawar sakandare kafin ta samu darasin da ya hana ta. Makarantar nan ba ta ɗaukar wanda ya cika talatin, ita kuwa a watan Disamba za ta cika. Wannan shekarar ce kaɗai ta rage mata, kuma kowa a gidansu ya sani.

Ni na je har shago na ce wa mahaifinta, "Baba, ta nemi wannan. Fom ɗin ma aikin hannuna ne." Da alfahari na faɗa. Ta je kafe ta cika, ta kawo silif ta nuna mini, na duba na ce komai ya yi daidai.

Ranar Litinin ɗin, wajen ƙarfe goma na safe, aka yi wa Oga Bala waya daga makarantar, ya ce in biyo shi. Mun tarar da mutane cike a bakin get ana yayyafi, kowa riƙe da silif a cikin leda. Wani mutum yana ɗaga nasa yana cewa, "Tsince mu aka yi! Sun ga sunan Musulmi sun cire!" Ku da kuka san Jos ta waɗancan shekarun kun san ba maganar da ake wasa da ita ba ce. Masu gadi sun riga sun ja ƙofa.

Na kutsa na duba allo. Ga Musa, ga Amina, ga Usman, suna nan birjik. Na juyo ina leƙa silif ɗin mutane. Rabi'u. Isma'il. Shafa'atu. Can gefe wata yarinya da gicciye a wuya tana kuka, ta ce daga wajen Shendam ta taso tun asuba. Na karɓi nata na duba, sunanta Na'anmiap. Kowane suna akwai hamza. Ina ɗaga kai muka haɗa ido da Yaya Sa'adatu, ta ɗaga mini hannu da murmushi, irin na wadda ta ga ɗan gida ya iso.

A baranda na raɗa wa Oga, "Hamza ce."

Ya tsaya cak. Ya gane kafin in rufe baki, don ba jahili ba ne. Ya ce, "Ka ja bakinka ka yi shiru. In wannan ta fita, babu mai sake ba mu aiki a garin nan, daga ni har kai."

Rajistarar makarantar dattijuwa ce mai farin gilashi, tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Ta ce mutum arba'in da ɗaya ne suka zo da silif babu sunansu, jarrabawa kuma ranar Asabar ce. Ta yi mana bayanin ƙa'ida dalla-dalla. Idan kuskuren daga shafin ne, za ta rubuta wa hukumar makaranta a ƙyale masu silif su zauna. Idan daga masu nema ne, ba ta da abin yi, don silif ɗin ba shi da lamba, kowa zai iya buga irinsa a kafe.

Oga Bala ya gyara murya ya ce matsalar netwok ce ta kafe-kafe, mutane suna rufe shafi kafin ya gama aikawa. An bar jaki ana dukan taiki, ina tsaye ina ji.

Ta cire gilashi ta dube ni. "Ɗana, kai ka rubuta abin nan, ko? Akwai matsala daga wajenku?"

Na ce, "Madam, mun gwada a ofis, ya yi aiki."

Ba ƙarya na yi ba. Na sha juya wannan amsa a raina, kuma har yau ban ga ƙaryar da ta kai ta muni ba. Ta mayar da gilashinta ta ce shi ke nan, Allah ya ba su sa'a baɗi.

Da muka koma ofis, na ba Gyang labarin duk abin da na gani, muka buɗe fayil ɗin. Ya ja kujera kusa da ni, na buga layin kariya, ya duba ya gyaɗa kai. Bai kai minti biyar ba. An riga an rufe karɓar fom, ihu ne bayan hari. Gyang yana kallon allon kwamfuta ya ce, "Wancan yarinya na Shendam, cocinmu ɗaya da yayanta." Daga ranar ban sake jin wani ya ambaci baka a ofishin nan ba.

Kada ku ce ban sami dama ba. Ina da Talata, ina da Laraba. Ranar Alhamis har na hau motar Bukuru na sauka a bakin get, na tsaya ina kallon tagar ofishin rajistara, sannan na tsallaka titi na hau motar komawa. Tsoro ne kawai, ba shi da wani suna. Asabar ta zo aka yi jarrabawa.

Sati biyu ina zagayawa ta bayan layi don kada in wuce shagon Malam Iliya. A unguwa kuwa magana ta zauna daram cewa da gangan aka cire 'ya'yanmu. A majalisa ake faɗa, a wajen mai shayi ake faɗa, ana tsine wa dattijuwar nan da ba ta ji ba ba ta gani ba. Abin da ya fi ci mini rai, Oga Bala ya ji wannan jita-jita, kuma ta yi masa daɗi. Gara masa gari ya ɗauka ƙiyayya ce da a ce shafinsa ne ya yi tuntuɓe.

Ranar da na kasa jurewa, na je shagon bayan la'asar na durƙusa na faɗi komai. Malam Iliya yana taka keken ɗinki bai ɗago ba, har na kai aya.

Ya ce, "Wato ba mutum ne ya cire ta ba."

Na ce, "A'a, Baba."

"Ranar Litinin ɗin, wa ya san haka?"

Na ce, "Ni."

Sai ya ɗauke ƙafa daga keken. Ya ce, "Kuskure na kowa ne, Shu'aibu, ni ma na sha ɓata yadin mutane. Amma ban taɓa ninke shi in miƙa wa mai shi in ce haka ya zo ba. Ka bar mu sati biyu muna zagin bayin Allah. Tashi ka je." Bai sake kirana ɗansa ba har ya koma ga Allah.

Na bar kamfanin a shekarar da ta biyo. Oga Bala ya ci gaba da samun aiki, har ana gayyatarsa taro yana koya wa matasa yadda ake gina shafi. Ba na yi masa baƙin ciki, amma ba na zuwa.

Bayan shekara uku ɗana ya yi zazzaɓi, na shiga kemis ɗin nan na Farin Gada. Yaya Sa'adatu tana nan dai a bayan kantar magani, cikin farar rigar da ba ta jinya ba. Ta gaishe ni da fara'a, ta tambayi mutan gida, ta duba takardar likita ta ce in rage masa rabin cokali saboda nauyinsa. A ƙirjinta akwai ɗan allon suna, an rubuta SAADATU.

Na ce, "Yaya, sun ɓata miki suna."

Ta ce, "Ni na ce a rubuta haka. Tun shekarar nan na cire ta, ƙanena. Ai na ji injinku ba ya so."

Ba da gatse ta faɗa ba, kuma da gatse ne da ya fi mini sauƙi. Sunan da aka yanka rago aka raɗa mata, ita ta rage shi don ya shige ta ƙofar da ni na sassaƙa.

Abin da na koya a sana'ar nan ke nan. Mun iya faɗa a kan abin da kwamfuta ba ta damu da shi ba, don a nan ake gane wa ya fi wani. Abin da zai taɓa mai cika fom kuwa, minti goma muke ba shi, don ba ya cikin mitin. Kuma ranar da abu ya lalace, wanda ya fi kowa sanin dalili shi ne ya fi kowa iya shiru. Ku yi gardamarku, ban hana ku ba. Amma duk fom ɗin da kuka kawo mini, kun san ba na yarda da gwajin ofis, sai na hau shafin da jama'a za su hau na buga suna ɗaya da hannuna, na je rumbu na gan shi da idona. Kuna ta yi mini dariya a bayan ido kuna tambayar juna wace ce wannan Sa'adatu da Oga Shu'aibu ba ya gajiya da ita.

To, ita ce.