Baba Sylvanus da Birin Yankari

Baba Sylvanus tela ne a Unguwar Boro. Shekara goma sha biyu yana taka keke, idonsa ɗaya kan allura, ɗayan kan tashar namun daji a talabijin. Ya san awa nawa zaki ke barci, ya san nauyin hantar giwa. Bai taɓa shiga dajin da ya wuce gonar surukinsa a Kujama ba.

Da Zumuntar Maza ta cocinsu ta shirya zuwa Yankari, ya ɗinka wa kansa falmaran ta kaki mai aljihu goma sha huɗu. Matarsa Damaris ta cika kowane aljihu da gyaɗa da ƙuli-ƙuli.

Tun daga Kaduna har Bauchi yake karantar da mutane a cikin bas. "Dabba ba a guje mata. Ka tsaya, ka kalle ta ido cikin ido."

Awa uku suna zagaya daji a buɗaɗɗiyar mota. Sun ga gada biyu, sun ga ƙura. Sai ga tulin kashin giwa a gefen hanya. Baba ya sa aka tsaya, ya sauka, ya tsoma yatsa, ya shinshina.

"Minti goma da wucewarta," in ji shi.

Jagoran ya ce, "Baba, wannan na shekaranjiya ne."

"Kai aiki kawai kake yi a nan. Ni na yi bincike."

A bakin ruwan Wikki ne wani gwaggon biri ya tare shi. Baba ya tsaya, ya ƙura masa ido. Birin ma ya ƙura masa. Sannan ya matso a natse kamar ma'aikacin shingen hanya, ya zuge aljihun farko. Yana kaiwa na uku, Baba ya tuɓe falmaran ya miƙa masa da hannu biyu, ya faɗa ruwa da takalmansa yana kiran Damaris, wadda ke can Kaduna tana dakan tattasai.

Ben, ma'ajin Zumunta, ya ɗauki komai a waya. Kafin su iso gida, har 'yan kwaya masu waƙa a coci sun gani.

Damaris ta tambaye shi yadda aka yi. Ya ce, "Dabbobin ƙasar nan ba su da tarbiyya, Maman Tracy."

Da shekara ta zagayo, wani ya kawo shawarar a je gidan zu na Jos, inda kowa ke cikin kejinsa. Baba Sylvanus ne ya fara ɗaga hannu.